Likita Ba Lasisi

Tun da Zayyad ya dawo daga Sudan, babu mai kiran sunansa a unguwarsu ta Anka sai 'yan gidansu. Kowa Likita yake cewa. Mai shayi, 'yan kabu-kabu, matan da ke tare shi a hanya su ɗage rigar yaro su nuna masa ƙurji. Yakan amsa, ya duba, ya ce a kai asibiti. Amma duk sanda aka faɗi kalmar sai ya tuna ba shi da lasisi.

Karatu dai ya gama shi, ya ma fito da takardunsa a motar da ta kwashe ɗalibai lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum. Sai dai doka ta ce duk wanda ya koyo likitanci a ƙasar waje, sai ya zauna jarrabawar hukumar likitoci kafin a ba shi lasisin taɓa majiyyaci. Jarrabawar kashi biyu ce. Akwai ta kwamfuta, akwai ta gwaji, inda ake jera ƙananan ɗakuna, kowane da abin da ke jiran mutum a ciki: majiyyaci, ko hoton ƙirji, ko 'yar tsana da za a farfaɗo da ita. Ka shiga, malami na zaune yana kallonka bai ce uffan ba, kafin ka daidaita tunaninka an kaɗa ƙararrawa, sai ɗaki na gaba. Zayyad ya zauna a bara. Ya ci ta kwamfuta, ya faɗi ta gwaji, wanda ya faɗi ɗaya kuwa sai ya maimaita duka.

Mahaifiyarsa ba ta taɓa gane wannan lamari ba.

"Waɗanda sunka koya maka shekara da shekaru sun ce ka iya," in ji ta. "Waɗanga da sunka gan ka yini guda, mi sunka sani?"

"Haka dokar take, Inna."

"To, Allah shi kyauta."

Asalinsu mutanen Dareta ne. Zayyad yana yaro ɗan makarantar firamare shekarar da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyen. Mahaifinsu, Makau, yana cikin masu kawo dutsen zinari gida ana dakawa a tsakar gida, ba wanda ya san akwai dalma a cikin ƙurar. Ƙaninsu Sufyanu ya tafi a wannan shekarar. Ƙanwarsu Habsu ta rayu, amma ba ta dawo daidai ba. Yanzu ta zama budurwa a jiki, hankalinta kuwa na 'yar shekara biyar ne, kuma lokaci-lokaci farfaɗiya na kayar da ita. Makau ya rasu Zayyad yana Sudan. Daga baya 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan, iyalin suka tattaro suka dawo cikin Anka, suka kama wani gida mai ɗaki uku a bayan kasuwa. Wanda ke riƙe da gidan shi ne Bala, yayan Zayyad, kuma shi ma ramin zinari yake zuwa, don gonarsu ta zama wurin da ba a taka shi.

Kullum da safe Zayyad yakan tafi wani ƙaramin asibiti a bakin gari, inda Likita Gwadabe ya yarda ya riƙa bin sa zagayen majiyyata. Gwadabe mutum ne mai furfura, mai gajeren zance, shi kaɗai ne likita a wurin. Yana barin Zayyad ya tambayi majiyyaci, ya duba shi, ya faɗi abin da yake gani. Amma rubuta magani, wannan sai da hannun Gwadabe.

"Kanka na da kyau," ya ce masa wata rana suna wanke hannu. "Matsalarka, da ka ji ido a kanka sai ka daskare. Ko ni in na tsaya bayanka, hannunka rawa yake."

Zayyad ya san gaskiya ne. A jarrabawar bara, a wani ɗaki, an ce ya duba cikin wata mata mai juna biyu, abin da ya yi ba adadi a Khartum. Ya tsaya yana kallon malamin, malamin yana kallonsa, har ƙararrawa ta kaɗa bai ko gaishe da matar ba.

Don haka da la'asar yakan yi gwaji a gida, Habsu ce majiyyaciyarsa. Ta fi kowa son wannan wasa. Da ta ga ya ɗauko abin sauraren ƙirji sai ta ruga ta shimfiɗa tabarma ta kwanta, ta rufe ido da ƙarfi. Shi kuma ya jingina waya a bango, a can ɗaya gefen Naja'atu na saurare. Naja'atu 'yar Gummi ce, tare suka yi karatu, tare suka faɗi a bara. Ita ke zama malami, ta ba shi tambaya da Turanci, in lokaci ya cika ta buga cokali a kwano. Sau da yawa layin yakan yanke a tsakiya, ya ci gaba da magana shi kaɗai, sai Habsu ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Yaya, na warke?"

"Kin warke."

"A sake."

Ana saura 'yan makonni a zauna jarrabawar, ya dawo daga asibiti da azahar ya ji ƙarar daka daga bayan ɗakin Bala. Ba irin ƙarar turmin hatsi ba ce. Wannan ƙarfe ne ke haɗuwa da dutse. Ya san ta tun yana yaro. Ya zagaya ya tarar da Bala tsugune gaban turmin ƙarfe, buhuna biyu jingine da katanga. Kusa da shi ɗansa Abdulbasit, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, yana zaune a ƙasa, hannuwansa da leɓensa duk farar ƙura.

Zayyad ya sunkuci yaron, ya kai shi bakin randa ya wanke masa hannu da baki, yaron na tsala ihu. Sannan ya dawo.

"Yaya, mi ne ne wanga?"

"Abin da ka gani." Bala bai ɗago ba. "Shekaranjiya 'yan bindiga sun zo bakin rafi inda injin niƙa yake. Sun tafi da mutum uku. Kowa ya kwashe dutsensa ya kai gida."

"A cikin gida? Da yara?"

"Ina yayyafa ruwa."

"Ruwan ba shi hana komai. Yaya, kai ka ɗauki Sufyanu a hannunka har maƙabarta. Ga Habsu nan kana ganinta kullum."

Nan Bala ya ajiye taɓaryar ƙarfen ya miƙe. Ya fi Zayyad tsawo, kafaɗunsa sun buɗe saboda aikin rami.

"Kada ka koya min Sufyanu," ya ce. "Kana can kana karatu, ni ina nan. Tuwon da ka ci jiya daga cikin dutsen ga ya fito. Motar da za ta kai ka jarrabawa, daga nan za ta fito. In kana da wata hanya, faɗa min, yanzun nan in zubar da shi a shara."

"Ni dai na faɗa maka abin da na sani."

"Abin da ka sani. Su da sunka gwada ka, ai cewa sunka yi ba ka sani ba."

Maimunatu, matar Bala, tana tsaye a ƙofar ɗaki da ƙwarya a hannu. Ta juya ta shige ciki. Zayyad ya bar wurin.

Ya kai ƙara gun Inna. Ta ce za ta yi wa yayansa magana. Ta yi, Bala ya mai da turmin can ƙurya ya kewaye shi da tsohon buhu, amma dakan bai tsaya ba. Zayyad ya roƙi Maimunatu ta riƙa barin Abdulbasit da yayarsa Fatiha a ɗakin Inna, ta riƙa wanke musu hannu kafin su ci komai, kada ta wanke kayan Bala tare da nasu. Ta yi iya ƙoƙarinta. Sai dai gidan ƙarami ne, iska ɗaya ke yawo a cikinsa, kuma yaron da ya koyi tafiya ba ya zama wuri ɗaya. Zayyad ya so ya kai yaran a auna jininsu, amma kayan awon dalma sun ƙare a asibiti, ana jiran a kawo daga Gusau.

Karatunsa ya lalace. Yakan buɗe littafi ya ji ƙarar turmin, ya karanta shafi ɗaya sau da yawa ba abin da ya shiga. Naja'atu ta lura.

"Kai, mi ke damunka? Na ce ka faɗi abubuwan da ke kawo kumburin ƙafa, kana faɗa min na shawara."

Ya gaya mata. Ta ce, "Ka ci jarrabawar nan, ka samu aiki, ka fid da su daga gidan. Ban san wata dabara ba."

Abdulbasit ya fara da ƙin abinci. Daga nan ya riƙa amai, yana kuka yana riƙe ciki. Maimunatu ta ce haƙori ne. Ranar wata Asabar da hantsi, Zayyad na ɗaki yana haɗa kayan tafiya, don Litinin za su kama hanyar Kano inda aka sa jarrabawar bana, sai ya ji ihun Maimunatu. Ya fito ya tarar da yaron a ƙasa ya sanƙare, idanunsa sun kafe sama, hannu da ƙafa na fizga. Wata maƙwabciya ta riga ta ɗauko cokali za ta cusa masa a baki. Zayyad ya ture hannunta, ya kwantar da yaron a gefe, ya ɗauke shi ya fita da gudu ba takalmi, ya tare ɗan kabu-kabu.

Likita Gwadabe ba ya nan. Ya tafi Gusau karɓo magunguna, an kuma tare hanya da safen, babu motar da ke shigowa. Sista Zinatu, babbar nas ɗin wurin, ita ta karɓe su. Yaron bai daina jijjiga ba. Zayyad ya faɗi maganin da za a ba shi da adadinsa.

Zinatu ta dube shi. Ta san shi, tana kuma ganin girmansa, amma ta ce, "Ka san ba zan buɗe akwatin nan da bakinka ba. Bari in kira Likita."

Ta kira, bai shiga ba. Ta sake. Zayyad yana riƙe da kan yaron, yana jin yadda jikin ke bugun tafin hannunsa, leɓen yaron ya fara sauya launi. Maimunatu ta iso a guje, mayafinta a hannu, tana ta faɗin, "Likita, ka yi wani abu. Don Allah, Likita." A karo na uku wayar ta shiga. Muryar Gwadabe ta fito tana yankewa: "Duk abin da ya ce ki yi, da sunana."

Suka ba shi maganin. Jijjigar ta lafa a hankali. Zayyad da kansa ya nemo jijiya a wannan ƙaramin hannu ya sa ƙarin ruwa, Zinatu na kallo, mutane cike da ƙofa, hannunsa bai yi rawa ba. Aka gwada maleriya, babu. Bai yi mamaki ba.

Gwadabe ya iso washegari tare da rakiyar sojoji, ya zo da kayan awo da maganin da ke fitar da dalma daga jini. Aka auna. Ya kalli na'urar, ya kalli Zayyad, ya miƙa masa ya gani da idonsa. Dalmar ta wuce iyakar da na'urar ke iya karantawa. Aka fara magani nan take. Yaron yana kwance, yana numfashi, bai buɗe ido ba.

Bala ya zo ya tsaya a bakin taga. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

"Na fasa tafiyar," Zayyad ya ce wa Gwadabe a baranda.

"Ka tsaya ka yi mi?"

"In kula da shi."

"Ni fa? Zinatu fa? Maganin da za a ba shi an fara. Abin da ya rage na Allah ne, ko kana nan ko ba ka nan." Gwadabe ya cire tabarau ya murza ido. "Jiya ka tsaya da yaro yana mutuwa a hannunka, magani na cikin akwati gabanka, kana jiran waya ta shiga. Kana so ka sake shekara guda a haka? Ni na gaji, Zayyad. Ba zan dawwama a nan ba. Ka tafi."

Inna ma cewa ta yi ya tafi.  Da ya je yi wa Maimunatu sallama ranar Litinin da safe, tana zaune a bakin gadon, riƙe da ƙafar yaron.

"Kwana kaɗan ne, zan dawo," ya ce.

Ta ɗago ta dube shi. "Kai ka san shi. Da kai yake yarda."

"Likita Gwadabe ya fi ni sani nesa ba kusa ba."

Ta mai da kanta ƙasa. Ya fita.

Naja'atu ta biyo ta Anka daga Gummi a motar mijinta Shafi'u, malamin sakandare, mutum mai yawan fara'a wanda ranar bai yi fara'a ba. Suka jira a bakin gari har motoci suka taru, sojoji suka shige gaba, aka tafi a jere.  A wani wuri suka ga mota a gefen hanya, ƙofofinta huɗu a buɗe, takalmi ɗaya a kan kwalta. Naja'atu ta rufe littafin da ke cinyarta ba ta sake buɗewa ba sai Gusau.

A Kano Zayyad ya sauka a ɗakin wani abokin karatunsu. Ya riƙa kiran gida safe da yamma. Ranar jarrabawar kwamfuta Gwadabe ya ce masa yaron ya motsa hannu, amma ya sake jijjiga sau ɗaya. Zayyad ya shiga ya amsa tambayoyin kamar wanda ake turawa, ya fito bai tuna ko ɗaya ba.

Ranar gwaji ya kira da sassafe bayan ya idar da salla. Wayar Gwadabe a kashe. Ya kira ta Maimunatu, sai Bala ya ɗauka. Rabonsu da magana ta kirki tun ranar turmi.

"Yaya, ya jikin nasa?"

"Da sauƙi," in ji Bala. "Shina barci."

"Ya buɗe ido?"

"Awo. Ya buɗe jiya."

"Ya sha wani abu? Ba ni Maimunatu."

"Ta fita alwala. Kai, yau ne babbar, ko? Ka natsu. Ka yi abin da ya kai ka. Allah shi ba da sa'a."

Zayyad ya ajiye wayar, ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya ma iya shan shayi.

Aka karɓe musu wayoyi a ƙofa, aka jera su a dogon baranda, kowa da farar riga da lamba a ƙirji. Naja'atu na can gaba, leɓenta na motsi. Ƙararrawa ta kaɗa.

Ɗakin farko wani dattijo ne mai tsohon gyambo a ƙafa. Zayyad ya gaishe shi, ya nemi izini, ya durƙusa ya duba. Malamin na zaune da takarda a cinya. Zayyad ya ji idon a bayan wuyansa, ya ji sanyin nan ya fara hawowa daga ciki, amma ya ci gaba da magana, bai bar bakinsa ya tsaya ba. Na biyu hoton ƙirji ne, ya ga ruwan da ya taru a gefe ɗaya. Akwai ɗakin da ya ɓata gaba ɗaya: an ba shi wasu ƙarafan tiyata ya faɗi sunayensu da amfaninsu, sunayen suka zo masa da Larabci, Turancin ya ƙi zuwa. Ya fito gumi na bin bayansa. A bara, daga nan da ya rushe. Bana sai ya ce a ransa, wancan ya wuce, ya tura ƙofa ta gaba. Mai juna biyu ce. Ya gaishe ta, ya tambayi sunanta, ya murza hannuwansa su yi ɗumi kafin ya taɓa ta. Matar ta yi murmushi.

Da aka gama, rana ta karkata. Ya karɓi wayarsa, kafin ya kunna ya hango Shafi'u tsaye a gindin wata bishiya, ba ya murmushi, yana juya makullin mota a hannu. A littattafansu akwai babi guda a kan yadda ake faɗa wa mutum mummunan labari: a zaunar da shi, a tambaye shi abin da ya riga ya sani, a bi a hankali. Shi da Naja'atu sun maimaita shi har sun haddace. Shafi'u bai san wannan babi ba. Ya kama hannun Zayyad da hannu biyu ya ce, "Likita, sai haƙuri. Yaron ya koma."

"Yaushe?"

"Tun kafin asuba. Likitanku ne ya kira ni, ya ce kada in faɗa sai kun fito. An yi jana'iza da hantsi."

Zayyad ya zauna a kan dakalin da ke wurin. Kafin asuba. Ya tuna muryar Bala, yadda ta fito daidai, ba rawa. Ya tuna shayin da ya sha. Naja'atu ta fito tana cire lambarta, ta ga fuskokinsu, ta tsaya nesa ta rufe baki da mayafi.

Sai da suka ƙara kwana, don ba a bin hanyar da yamma. Ya isa Anka ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza na zaune. Bala na tsakiya, ya rame a 'yan kwanakin. Zayyad ya durƙusa, suka yi addu'a tare da jama'a, ya shiga ya gaida Inna. Habsu ta tare shi tana tambayar ina aka kai Abdul, kowa ya ƙi gaya mata. Turmin ƙarfen da buhunan babu su.

Bayan mutane sun watse sallar la'asar, ya sami Bala shi kaɗai.

"Ka ce min shina barci."

"Na ce."

"Yana gabanka a lokacin?"

"An lulluɓe shi. Ina zaune kusa da shi wayar ta yi ƙara." Bala ya dubi hannuwansa. "Da na faɗa maka, da mi za ka yi? Ka shiga ka faɗi. Ko ka ƙi shiga. Na kashe guda, ban so in haɗa da kai."

Zayyad ya taho tun daga Kano da maganganu cike da bakinsa. Ya shirya su a mota, ya jera su. Yanzu da ya ga wuyan yayansa, yadda rigar ta yi masa yawa, sai ya kasa fitar da ko ɗaya. Ya zauna kusa da shi a tabarmar. 

Washegari su biyu suka ɗauki fartanya da shebur suka kankare ƙasar tsakar gidan, suka zuba a buhuna, suka kai can bayan gari suka binne, suka ɗebo sabuwar ƙasa. Bala ya yi aikin kamar zai kashe kansa. Bayan sadakar bakwai ya koma rami, don ba abin da za a ci. Bai sake kawo dutse gida ba. Bakin rafi yake kai shi, inda ake sace mutane, kuma kullum in ya fita Inna ba ta iya cin abinci sai ya dawo.

Maimunatu kuwa ta ɗauki Fatiha ta tafi gidansu a Bukkuyum. Ba faɗa aka yi ba. Ta ce ba za ta iya kwana a ɗakin ba, Bala bai hana ta ba. Tun dawowar Zayyad daga Kano, in ya gaishe ta takan amsa, amma ba ta taɓa dubansa ba.

Sakamakon ya fito bayan wata guda da 'yan kwanaki. Yana zagaye da Gwadabe Naja'atu ta kira. Ta ce sunansa na ciki. Ya tambayi nata. Ta ce babu, ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce Shafi'u ya ce ta huta haka nan, ita kuma ba ta san ko tana da ƙarfin zama na uku ba.  Gwadabe ya miƙa masa hannu, Zinatu ta yi guɗa a baranda har majiyyata suka leƙo. Ya yi murmushi don kada su ji kunya. Daga nan Gwadabe ya tuna masa cewa sabon likita sai ya yi shekara guda a babban asibiti kafin a sake shi, wato Gusau ko Sakkwato. Anka za ta ci gaba da jira.

Kafin ya tafi akwai abin da ya rage. An auna jinin Fatiha lokacin rasuwar, an ba ta magani, kuma ya kamata a sake aunawa. Ba wanda ya kawo ta. Ranar kasuwa ya bi motar 'yan kasuwa zuwa Bukkuyum da kayan ɗibar jini a jaka.

Mahaifin Maimunatu ya karɓe shi a zaure, ya yi masa murna, ya sa aka shigar da shi. Maimunatu na zaune a inuwar rumfa tana tsince wake. Ta amsa gaisuwarsa, ta kira Fatiha. Yarinyar ta zo tana noƙewa, ya ɗora ta a cinya, ya yi mata wasa har ta saki jiki, ya ɗebi jinin. Ta yi kuka kaɗan, ya danna mata auduga, ta zame ta gudu. Ya rufe kwalbar ya sa a jaka, ya ce za a kira su da zarar an auna, kuma in akwai sauran magani zai aiko.

"An ce ka ci," in ji Maimunatu, idonta na kan waken.

"Na ci."

"Allah shi sa albarka."

"Amin."

Ya miƙe zai tafi. Sai ta ajiye faifan.

"Zayyad. Tsakaninka da Allah. Da ka tsaya, da ya rayu?"

Ya san abin da Gwadabe zai ce. Ya san abin da littafi ya ce game da yaron da dalma ta kai wannan matsayi a jininsa. Ya kuma san cewa daren da abin ya faru Gwadabe yana ɗakin haihuwa da wata mata, nas ɗaya ce a kan yara duka, kuma ba wanda ya san tsawon lokacin da jijjigar ƙarshe ta ɗauka kafin a iso. Da yana nan, da a bakin gadon zai kwana.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ta dube shi, karo na farko, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta gyaɗa kai ta jawo faifanta.

"Ka gaida Inna," ta ce. "Ka yi sauri, motocin ba su kai la'asar."